BABI NA UKU: TARIHIN ZUBA KAFAFFEN JARI A NIJERIYA DA KORIYA TA KUDU DAGA 1960

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen maganar dukiya, kamar jari da uwar kuɗi da riba da kadara. A wannan babi kuwa za a ɗauki nau'i ɗaya na jari, wato wanda ake kafawa ya zauna wuri ɗaya ana cin moriyarsa shekara da shekaru, a bi tarihinsa a ƙasashe biyu, Nijeriya da Koriya ta Kudu. An zaɓi waɗannan ƙasashe ne saboda kamannin da ke tsakaninsu a farkon tafiya. A shekarar 1960 kowaccensu ƙasa ce ta manoma, kuma abin da mutum ɗaya yake samu a shekara, idan aka raba daidai, bai kai dala 200 ba. Dukansu biyu sun fara shirin raya ƙasa na farko a 1962, dukansu sun faɗa hannun soja cikin shekarun 1960, haka kuma kowacce ta ƙudura gina katafaren kamfanin tama da ƙarafa. Amma a 2022 rabon mutum ɗaya a Koriya ta Kudu ya haura dala 30,000, na Nijeriya kuwa bai kai dala 2,500 ba. Abin da za a yi ƙoƙarin ganowa shi ne, shin wannan rata ta samo asali ne daga yawan jarin da kowacce ta zuba, ko kuwa daga abin da ya sami jarin bayan an zuba shi?

3.1 Ma'anar Kafaffen Jari da Yadda Ake Auna Shi

Manomin da ya girbe dami ɗari na gero yana da zaɓi. Yana iya cinye shi duka shi da iyalinsa, yana kuma iya sayar da dami ashirin ya haƙa rijiya a garkarsa ko ya sayi garmar shanu. Geron da aka ci ya tafi ke nan, amma rijiya da garma suna nan baɗi da baɗin baɗaɗa suna ƙara masa amfanin gona. To, irin wannan ne masana tattalin arziki suke nufi da kafaffen jari idan ana maganar ƙasa baki ɗaya: hanyoyi da gadoji da layin dogo da madatsun ruwa da gidaje da masana'antu da injina, wato duk abin da aka samar da za a yi aiki da shi fiye da shekara ɗaya. Sayen fili ko hannun jari ba ya shiga ciki, domin wannan sauya hannu ne kawai, ba a ƙara wa ƙasa komai ba.

Domin a iya kwatanta babbar ƙasa da ƙarama, akan ɗauki kuɗin da aka kashe a kan irin waɗannan kadarori a shekara, a auna shi da jimillar abin da ƙasar ta samar a wannan shekara, sai a ce kashi kaza cikin ɗari. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta shimfiɗa ƙa'idojin wannan lissafi a 1953, aka sake gyara su a 1968 da 1993 da 2008. Bisa wannan awo, Amurka ta daɗe tana zuba kimanin kashi 20 cikin ɗari, Birtaniya kuwa takan gaza haka kaɗan. Ya kamata a lura da abu ɗaya tun yanzu, domin za a komo kansa a gaba: abin da ake ƙirgawa shi ne kuɗin da aka kashe. Rijiyar da ta ba da ruwa da wadda aka haƙa ta tarar da dutse, matuƙar kuɗinsu ɗaya ne, to daidai suke a littafin lissafin ƙasa.

3.2 Ra'ayin Masana na Farko

Lewis (1954) ya nuna cewa babbar matsalar da ke gaban mai nazarin ci gaban ƙasa ita ce fahimtar yadda al'ummar da take tanadin kashi 4 ko 5 cikin ɗari na abin da ta samu take komawa mai tanadin kashi 12 zuwa 15. Rostow (1960) ya zo da makamancin wannan ra'ayi, inda ya kwatanta ƙasa da jirgin sama wanda ba ya tashi sai jarin da ake zubawa ya wuce kashi 10. Wannan ra'ayi ya sami karɓuwa ƙwarai a ƙasashen da suka sami 'yanci a lokacin, kuma akwai misalai biyu da suke ƙarfafa shi. Tarayyar Sobiyet ta matse cikin manomanta tun daga 1928 ta gina masana'antu, Japan kuma tana zuba fiye da kashi 30 cikin shekarun 1960, arzikinta yana ƙaruwa da kusan kashi 10 kowace shekara. Saboda haka masu tsara shirin raya ƙasa a Legas da Seoul duk da wannan karatu suka fito.

3.3 Koriya ta Kudu

Yaƙin da aka yi daga 1950 zuwa 1953 ya bar Koriya ta Kudu a ragargaje, ga shi kuma yawancin ma'adinai da manyan masana'antun da Japanawa suka bari duk suna Arewa. A 1960 kafaffen jarinta bai wuce kimanin kashi 11 ba, shi ma galibinsa daga agajin Amurka yake fitowa, domin tanadin cikin gida bai kai kashi 5 ba. Janar Park Chung-hee ya karɓi mulki a watan Mayu na 1961. A 1965 gwamnatinsa ta ɗaga kuɗin ruwan ajiya a banki zuwa kusan kashi 30 don mutane su fito da kuɗinsu, a wannan shekara kuma ta daidaita da Japan, wadda ta amince ta ba da kyautar dala miliyan 300 da rancen dala miliyan 200. Daga nan kafaffen jari ya kama hawa. Ya kai kimanin kashi 25 a 1970, ya wuce kashi 30 a ƙarshen shekarun 1970, ya doshi kashi 40 a 1991. An gina babbar hanyar Seoul zuwa Busan mai tsawon kilomita 428 tsakanin 1968 da 1970, kamfanin Hyundai kuma ya fara gina wurin ƙera jiragen ruwa a Ulsan a 1972.

Amsden (1989) ta ja hankali ga wani abu da alƙaluman nan ba sa nunawa. Gwamnati ce take riƙe da bankuna, tana ba 'yan kasuwar da ta zaɓa rance mai sauƙi, amma da sharaɗi, wato sai kamfani ya sayar da kayansa a kasuwannin waje. Kowane wata akan yi taro wanda shi shugaban ƙasa da kansa yake jagoranta, a duba abin da aka fitar. Wanda ya gaza, sai a juya rancen ga wani. Kasuwar waje kuwa ba ta san ɗan gidan wane ba, idan kaya ba su da kyau ko sun yi tsada ba mai saye. Ta haka kayan da ƙasar take fitarwa suka tashi daga dala miliyan 100 a 1964 zuwa dala biliyan 1 a 1971, suka kai dala biliyan 10 a 1977. Ba a ce cin hanci bai yi aiki a wannan tsari ba, ya yi ƙwarai, sai dai wanda ya ba da toshiya ya sami rance dole ne duk da haka injinsa ya juya.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da talakan Koriya ya biya. Ma'aikata 77 ne hukuma ta amsa cewa sun mutu wajen gina hanyar Busan. An danne ƙungiyoyin ƙwadago, albashi kaɗan, aiki kuwa tun safe har dare, har wani matashin tela mai suna Jeon Tae-il ya cinna wa kansa wuta a watan Nuwamba na 1970 don nuna ƙin amincewa da halin da 'yan mata masu ɗinki suke ciki.

3.4 Nijeriya

Nijeriya ta taɓa ganin kafaffen jarin da ya yi albarka tun kafin 'yanci. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma ko da yake Turawa auduga suka sa rai zai kwasa, fatake da manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, cikin 'yan shekaru dalar gyaɗa ta tashi. Shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968 ya haifar da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa.

Babban sauyi ya zo ne lokacin da farashin man fetur ya ninka har sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Abin da Koriya ta tara da guminta da rance, Nijeriya ta wayi gari ta same shi a hannu. An tsara shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, a kan naira biliyan 30, daga baya aka ƙara shi zuwa biliyan 43, a lokacin da naira ta fi dala daraja. A 'yan shekarun nan aka gina tashar jiragen ruwa ta Tin Can a 1977, da hanyar Legas zuwa Ibadan da matatar mai ta Warri a 1978, da matatar Kaduna a 1980. An kafa wuraren harhaɗa motoci a Kaduna da Legas da Kano da Bauchi da Ibadan da Enugu, an gina madatsun Tiga da Bakolori, an kuma yanke shawarar gina Abuja a 1976. A ƙarshen shekarun 1970 jarin da Nijeriya take zubawa ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take samarwa, wato ya ninka mizanin Lewis, kuma bai yi nisa da na Koriya ta Kudu a daidai wannan lokaci ba. Wanda ya dubi wannan shafi na lissafi kaɗai a 1977 zai ce ƙasashen biyu hanya ɗaya suka ɗauka.

Alamar cewa ba haka ba ne ta bayyana tun a 1975, lokacin da ma'aikatun gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, alhali tashar Legas ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, simintin kuma yana daskarewa a cikinsu. Sala-i-Martin da Subramanian (2003) sun ƙiyasta cewa kafaffen jarin Nijeriya ya yi ta ƙaruwa da kashi 6.7 kowace shekara tun daga 1965, amma amfanin da ake samu daga jari da ma'aikata yana raguwa. Sun kuma nuna cewa masana'antu suna aiki da kashi 77 na ƙarfinsu a 1975, suka sauko zuwa kashi 50 a 1983, daga baya suka tsaya a wajen kashi 35. Wato a cikin kowane inji uku, biyu a kwance suke.

Dalilan haka suna da yawa, amma biyu sun fi fitowa fili. Na farko, yawancin masana'antun don kasuwar gida aka kafa su, a bayan katangar haraji da lasisin shigo da kaya, kuma kayan aikinsu daga waje ake sayowa da kuɗin mai. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, sai kuɗin sayen kayan gyara ya yanke, jarin da ake zubawa ya zube zuwa kusan kashi 10 a tsakiyar shekarun 1980. Na biyu, ribar aikin tana fitowa ne ranar da aka ba da kwangila, ba ranar da masana'anta ta fara sayar da kaya ba, don haka sabon gini ya fi gyaran tsoho farin jini. Mai wannan nazari ya tashi ne a unguwar da take maƙwabtaka da wata rufaffiyar masaƙa, inda ginin da injinan suna nan, ciyawa ta rufe ƙofa, tsofaffin ma'aikatanta kuma suna acaba da gadi.

3.5 Pohang da Ajaokuta

Babu misalin da ya fi fito da wannan bambanci kamar kamfanonin ƙarfe guda biyu. An kafa kamfanin POSCO a watan Afrilu na 1968, aka ɗora Park Tae-joon, wani tsohon janar, a kansa. A 1969 Bankin Duniya ya ba da shawarar cewa lokaci bai yi ba da Koriya za ta gina irin wannan kamfani, domin ba ta da isasshiyar tama, ba ta da irin kwal ɗin da ake narkar da ita, ba ta da ƙwararru. Masu ba da rance na Turai da Amurka suka janye. Sai gwamnati ta karkatar da wani ɓangare na kuɗin da Japan ta biya zuwa aikin, kamfanonin ƙarfe na Japan kuma suka ba da fasaha. An zaɓi Pohang ne saboda tana bakin teku, inda jirgi zai sauke tama da kwal daga Ostareliya a ƙofar kamfani, ya kuma ɗebi ƙarfe daga nan. An fara gini a watan Afrilu na 1970, narkakken ƙarfe na farko ya kwararo a watan Yuni na 1973, ƙarfin kamfanin a lokacin tan miliyan 1.03 a shekara, kuma ya ci riba tun a shekarar farko. An sha ba da labarin yadda a 1977 Park Tae-joon ya tarar da algus a wani ginin kankare da ya kusa kammaluwa, ya sa aka tarwatsa shi da nakiya a gaban 'yan kwangila. Ƙarfin kamfanin ya wuce tan miliyan 9 a 1983, kuma a 1998 shi ne ya fi kowane kamfani a duniya samar da ƙarfe. Ƙarfen nan mai araha shi ne ya ciyar da masu ƙera jiragen ruwa da motoci na Ulsan.

Nijeriya ma ta fara maganar da wuri, domin kamfanin ƙarfe yana cikin shirin 1962, amma gardamar yankin da za a kai shi ta cinye shekarun farko. An kafa hukumar raya ƙarafa a 1971, masana daga Tarayyar Sobiyet suka yi bincike, aka dogara ga tamar da ke Itakpe, aka zaɓi Ajaokuta a gaɓar kogin Kwara. An sa hannu a kwangila da kamfanin Tyazhpromexport a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980. Matakin farko tan miliyan 1.3 ne a shekara, wato ya ɗara na Pohang kaɗan. A takarda Ajaokuta ta fi Pohang gata, tun da tamarta a gida take. Sai dai tamar Itakpe ba ta da ƙarfi, ƙarfen da ke cikinta bai kai kashi 40 ba, dole sai an tace ta tukuna. Kwal ɗin Enugu bai dace da babban tanderu ba, dole a sayo wani daga waje, ga wurin yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku. Babban tanderun narkar da tama kuwa, da zarar an kunna shi ba a kashe shi sai bayan shekaru, idan kayan ɗura masa suka yanke ya huce, to ya lalace. Ma'ana, kafin a kunna shi sai ma'adinin Itakpe da wurin tace tama da layin dogo da tashar sauke kwal duk sun kammala a lokaci guda. Wasu sassan mulmula ƙarfe sun fara aiki a 1983 da 1984 da sandunan ƙarfen da aka kawo daga wani wuri, aka yi bikin buɗewa. A 1994 hukuma ta ce an gama kashi 98 cikin ɗari na aikin, kuma a nan ya tsaya. Kuɗin da aka fi ambatawa cewa ya ci shi ne kimanin dala biliyan 8. Hausawa suna cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A ganin mai wannan nazari, bai dace a ɗora laifin duka a kan sata ba, ko da yake an yi ta. Pohang ta sami shugaba ɗaya na fiye da shekara ashirin, Ajaokuta kuwa ta ratsa gwamnatoci shida tsakanin 1979 da 1994, kowacce da ministanta da 'yan kwangilarta. Har ila yau Koriya ta shiga 1960 kusan duk yaranta suna makarantar firamare, ta kuma riga ta raba wa manoma gonaki tun a 1950, abubuwan da ba sa fitowa a lissafin kafaffen jari ko kaɗan.

3.6 Abin Lura Game da Alƙaluma

Pritchett (2000) ya yi gargaɗin cewa tara kuɗin da gwamnati ta kashe a kira shi jari kuskure ne, domin dala ɗaya da aka kashe ba lallai ta zama kadarar dala ɗaya ba. Kowane kwabo da aka zuba a Ajaokuta ya shiga lissafin kafaffen jarin Nijeriya daidai da yadda na Pohang ya shiga na Koriya. Bugu da ƙari, su kansu alƙaluman Nijeriya sai an yi hattara da su. A watan Afrilu na 2014 hukumar ƙididdiga ta sauya shekarar da take awo da ita daga 1990 zuwa 2010, sai arzikin ƙasar na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa biliyan 510 a rana ɗaya. Da aka mayar da sabon awon baya, jerin da Bankin Duniya ya wallafa ya nuna kafaffen jarin Nijeriya na 1981 ya haura kashi 80 cikin ɗari, abin da hankali ba zai ɗauka ba, domin da haka ne da mutane ba su ci abinci ba a shekarar. Saboda haka ne aka dogara ga tsohon awo a sashe na 3.4.

Ita ma Koriya ba ta tsira daga wannan cuta ba. Young (1995) ya nuna cewa mafi yawan bunƙasarta daga tara jari da ma'aikata da ilimi ta fito, kuma irin wannan hanya tana da iyaka, kamar yadda Tarayyar Sobiyet ta gani lokacin da ta ci gaba da zuba jari mai yawa cikin shekarun 1970 da 1980 amfani yana ja da baya. A watan Janairu na 1997 kamfanin ƙarfe na Hanbo, wanda ya gina masana'anta da bashin da siyasa ta samar masa, ya durƙushe, kafin ƙarshen shekarar ƙasar ta nemi ceton kimanin dala biliyan 58 ta hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Amma an sayar da masana'antar Hanbo da ke Dangjin ga kamfanonin Hyundai a 2004, suka ƙarasa ta, tana narkar da ƙarfe tun 2010.

Ajaokuta ma an gwada miƙa ta. An ba wani kamfani na 'yan Indiya a 2004, aka soke yarjejeniyar a 2008, shari'a ta ja har 2022, lokacin da gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 496 don a kashe maganar. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da aka fara a 1987 domin jigilar tama da kwal, sai a 2020 aka buɗe shi, kuma fasinja ya fara ɗauka. Har zuwa ƙarshen 2024 ba a taɓa kunna babban tanderun ba. A babi na huɗu za a duba yadda jaridun Hausa na shekarun 1980 suka riƙa ba da labarin waɗannan ayyuka, da kalmomin da suka ƙirƙira domin yin haka.